Wa Ke Riƙe da Garin Gombe? Fashin Baƙi kan Tasha, Kwalbati da Kujerar Kansila

Da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ka tsaya a bakin titin Bauchi daidai Tumfure, za ka ga yadda Gombe ke tashi. 'Yan makaranta da jakunkuna a baya, ma'aikata na ta duba agogo, mata masu zuwa awo riƙe da katin asibiti, kowa ya miƙa hannu yana tsaida Keke Napep. Mai keke ya rage gudu ya leƙo da kai: "Hajiya, ina zuwa?" In ta ce Babbar Kasuwa, sai a matsa mata ta shiga. In kuwa ta ambaci wata unguwa da ruwan sama ya cinye hanyarta, sai ya girgiza kai ya ce, "Sai dai shata." Kuɗin shata ba ya hannunta. Ta koma gefe ta ci gaba da jira, babu rumfa, babu benci, babu wanda zai ce mata ga lokacin da wani abin hawa zai iso.

A wannan 'yar tsayawar an yanke abubuwa uku: inda abin hawa zai bi, nawa za a biya, da wanda za a bari a ƙasa. A biranen da suka tsara sufurinsu, hukumar gari ce ke zama ta yanke waɗannan ukun. A Gombe mai keke ne ke yankewa, shi ma ba da son ransa ba. Tsadar fetur da balas ɗin da zai kai wa wanda ya mallaki keken da daddare su ke yanke masa. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da nake so mu warware shi ne hukumar da doka ta ɗora wa wannan aiki, abin da ya ɗaure mata hannu, da wanda ya kamata ya tsare ta da tambaya.

Yawancinmu in aka tambaye mu, gwamna za mu ce. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 bai ce haka kai tsaye ba. Sashe na 7 ya tabbatar da ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun shugabanni, sannan jadawali na huɗu ya jera ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya karanta jerin nan zai ga rayuwarsa ta yau da kullum a ciki: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, bayan gida na jama'a, maƙabartu, kwashe shara, titunan cikin unguwa da fitilunsu da magudanan ruwa, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, lasisin keken hawa da baro da amalanke da kwalekwale, kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da allunan talla. Bayan haka an ba ta hannu a makarantun firamare, ilimin manya, aikin gona da kiwon lafiya. Wato daga ranar da aka yanke wa mutum cibiya har ranar da aka kai shi makwancinsa, ƙaramar hukuma na da abin cewa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan tamu. Dattawan da suka ga zamanin En'e har yanzu suna ba da labarin duba-gari, wanda ke shiga gida-gida yana leƙa randa da masai da kwata, in ya tarar da ƙazanta maigida ya amsa tambaya. En'e na da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da ma'aikatan hanya. Tana da nata zaluncin, kada a manta, amma mutum ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Garambawul ɗin 1976 ne ya maye gurbinta da tsarin bai-ɗaya na ƙananan hukumomi, waɗanda yau suka kai 774 a Najeriya, 11 daga ciki a jihar Gombe.

Yadda aka gina majalisar ƙaramar hukuma ɓangare biyu ne, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai ɓangaren zartarwa: ciyaman, mataimakinsa, sakatare, da kansiloli masu gafaka waɗanda ake naɗawa su riƙe sassa kamar ayyuka, lafiya, noma da ilimi. Ƙarƙashinsu akwai ma'aikata na dindindin, su ma'aji da shugabannin sassa, waɗanda ciyaman ke zuwa ya tafi ya bar su. Ɗaya ɓangaren shi ne zaɓaɓɓun kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa. Ƙaramar hukumar Gombe na da mazaɓu 11: Ajiya, Bajoga, Bolari ta Gabas da ta Yamma, Dawaki, Herwagana, Jekadafari, Kumbiya-Kumbiya, Nasarawo, Pantami da Shamaki. Waɗannan kansiloli su ne 'yan majalisa. Aikinsu yin dokokin gari, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda aka kashe shi.

Sa idon nan shi ne zuciyar maganar, don haka bari in tsaya a kansa. Idan an sa kuɗin gyaran kwalbati a kasafi, kansila ne ya kamata ya tafi wurin da ƙafarsa ya ga ko an zuba kankare ko ƙasa aka tura aka rufe. Idan ana yanka tikiti a tasha kowace safiya, shi ya kamata ya kira jami'in kuɗin shiga gaban kwamiti ya ce a kawo kundin rasit, a gwada abin da aka karɓa da abin da ya shiga asusu. Idan ɗakin shan magani na mazaɓarsa ba ya buɗewa da daddare, shi zai tambayi shugaban sashen lafiya dalili, a rubuta amsar a ajiye. Mu kuwa mun mayar da kansila mai sayen ragon suna da biyan kuɗin magani. Muna tare shi a ƙofar gida da asuba da takardar asibiti, amma ba mu taɓa tambayarsa sau nawa majalisarsu ta zauna a wannan wata ba. Talauci ne ya kai mu, na sani. Sai dai kansilan da ya ƙarar da albashinsa a kan buƙatun ɗaiɗaiku, da kunya zai iya ɗaga murya a gaban ciyaman, don gobe wurinsa zai je neman taimako.

Akwai kuma yadda ake hawa kujerar. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna kuma ke naɗa shugabanninta. A zaɓen Afrilun 2024 a Gombe, jam'iyya mai mulki ta kwashe kujerun ciyaman 11 da na kansila 114 gaba ɗaya. Wannan ba ciwon Gombe kaɗai ba ne, kusan haka ake gani a sauran jihohi ko wace jam'iyya ce ke riƙe da gidan gwamnati. Majalisar da babu ko muryar adawa ɗaya a cikinta, wuya ne ta iya cewa a kawo littafi a duba.

Sai maganar kuɗi. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kason ba ƙarami ba ne. Amma sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta nan kuɗin ke bi. Kafin ya isa sakatariya an cire albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarautu, da gudummawar ayyukan haɗin gwiwa. Wasu cire-ciren na da hujja, domin an taɓa ganin lokacin da malaman firamare ke shafe watanni babu albashi. Wasu kuwa rijiya ce ta bayar guga ya hana. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma. An yi murna, amma aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya.

Kuɗin shiga na cikin gida ma da nasa ƙullin. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta ba ƙaramar hukuma harajin tasha, na shaguna, na mayanka, na allunan talla, tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba, da harajin kasuwa. Sai dai a kan kasuwa an sa sharaɗi: ban da kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. To ka duba, duk babbar kasuwa ko babbar tasha da ke kawo kuɗi na gaske, jiha ce ke da ƙarfin gina ta. Babbar tashar mota ta zamani da aka fara a zamanin Gwamna Ibrahim Hassan Dankwambo, Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya kammala, misali ce a fili. Aiki ne mai kyau, gari na buƙatarsa. Amma tasha aikin ƙaramar hukuma ce a takarda, ga shi a aikace ta koma hannun jiha.

Haka abin yake ta kowane ɓangare. Shara na hannun hukumar kare muhalli ta jiha, GOSEPA. Izinin gini da tsarin gari na hannun hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA. Takardun filaye na hukumar bayanan filaye ta jiha, GOGIS. Ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa ta hukumar ruwa ta jiha. Firamare na ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ƙananan asibitoci na ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Ba zan ce jiha ta yi ƙwace don mugunta ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kwarin da ya biyo ta bayan Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ko wanda ya ratsa ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna, ya ga gidajen da zaizayar ƙasa ta haɗiye kafin a yi aikin, ya san babu ƙaramar hukumar da za ta iya tare wannan da kasafinta. Sai da jiha ta haɗa hannu da Bankin Duniya. Abin da aka rasa a cikin wannan sauyi shi ne kusanci. Shugaban hukumar jiha naɗa shi aka yi, ba ya zuwa neman ƙuri'a a Herwagana, ba kuma ya sallar Juma'a dole a masallacin unguwarku.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Wata damina kwalbatin bakin layinmu ya toshe da leda da yashi, ruwa ya riƙa juyowa yana shiga zaurukan mutane. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kwana tana kwarfar ruwa da roba, katifarta a jingine da bango. Muka haɗa kai mu huɗu da mai unguwa muka tafi wani ofis. Aka karɓe mu da mutunci, aka ce ai wannan titin ba nasu ba ne, mu je wani wuri. Can kuma aka ce su kwashe shara ne aikinsu, gyaran kwalbati na wasu ne. Na ukun suka ce mu rubuto takarda. Mai unguwa ya dube ni ya ce, "Malam, mu koma mu yi karo-karo kawai." Haka aka yi. Kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa, matasa suka shiga da shebur da diga ranar Asabar. Babu ɗaya daga cikin ma'aikatan nan da ya yi mana ƙarya. Kowa gaskiyarsa ya faɗa, don an yanyanka aikin ne har babu wanda ke riƙe da shi gaba ɗaya.

Yanzu ga babban ƙullin da ba a cika magana a kansa ba: birnin Gombe ya fi ƙaramar hukumar Gombe girma. Tun da aka dawo da fadar masarauta nan a 1919, garin ke ƙaruwa, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 ya ƙara masa kasuwa, amma ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka cire jihar daga Bauchi aka mai da shi babban birni, ita ce ta buɗe ƙofa. Rikicin Arewa maso Gabas ya sake kawo dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa. Faɗin ƙaramar hukumar bai wuce kimanin murabba'in kilomita 52 ba, kuma ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 260,000 a ciki. Ina sauran za su zauna? Sai gari ya malala cikin Akko, da Yamaltu/Deba, da Kwami. Hajiyar nan da ke tsaye a Tumfure, a ƙasar Akko take tsaye, sakatariyar ƙaramar hukumarta na can Kumo kan hanyar Yola. Kasuwarta, asibitinta da makarantar 'ya'yanta kuwa suna cikin Gombe. Keken da za ta hau zai tsallake iyaka ba tare da ita ko direban sun lura ba. Ruwan sama ma haka, daga tudun wata ƙaramar hukuma yake gangarowa ya yi ɓarna a kwarin wata.

A 2025 gwamnatin jiha ta ƙirƙiro yankunan raya ƙasa 13 a kan ƙananan hukumomi 11 da ake da su. Ta fuskar kawo ofis kusa da jama'a, wannan na iya taimakawa. Ta fuskar sufuri da magudanan ruwa kuwa, iyakoki ne suka ƙaru a cikin gari ɗaya, don haka buƙatar teburin da kowa zai zauna a kai ta ƙara ƙarfi.

Me ake nufi da tsara sufuri? Mutane da dama na ɗauka sayo motoci ne a yi musu fenti a ƙaddamar. Sayen mota shi ne mataki na ƙarshe. Na farko ƙirga ne. A tsayar da matasa da takarda da biro a manyan hanyoyin shiga gari, ta Bauchi, ta Kumo, ta Biu, ta Dukku da ta Ashaka, su ƙirga abin hawa nawa ke wucewa a kowace sa'a, mutum nawa a ciki, daga ina zuwa ina. Daga nan za a ga inda jama'a suka fi yawa, a ba waɗannan hanyoyi bas-bas masu tafiya a kan lokaci da tsayayyen farashi, a bar wa keke aikin da ya fi iyawa, wato kwaso mutane daga lunguna zuwa bakin babban titi. Lissafin a bayyane yake. Mutum 180 na buƙatar keke 45 in kowanne ya ɗauki huɗu, amma bas 10 masu kujera 18 sun ishe su. Ka kwatanta man da za a ƙona, da cunkoson da za a yi a shataletale, da kuɗin da zai fita daga aljihun fasinja. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambanci ya zama maganar ko yaro zai je makaranta kullum ko sai ranar da aka samu na mota.

Gombe Line, kamfanin sufuri na jiha, na nan tana aiki, amma ƙarfinta a tafiyar gari zuwa gari yake. Cikin birni an bar wa Keke Napep, wanda sunansa ma daga shirin yaƙi da talauci na 2001 ya samo asali, da 'yan acaɓa. An kawo su ne don samar da abin yi, sai suka wayi gari su ne ƙashin bayan zirga-zirgar birni guda.

Tsarin kuma ba ya tsayawa a kan abin hawa. Titin da bas zai bi na iya zama na tarayya, wanda ya haɗu da shi na jiha, layin da ya shiga unguwa na ƙaramar hukuma. Wurin tsayawar fasinja fili yake buƙata, kuma in aka yanka sabuwar unguwa aka sayar da kowane taƙi ba a ware wa tasha da makaranta da asibiti ba, to an gama, sai dai rusau nan gaba. Mai tafiya a ƙasa, mai tura baro, ɗan garuwa da kurarsa, makaho da ɗan jagora, duk suna da haƙƙi a titi, amma da wuya a tuna da su lokacin zane. Titi mai kyau da babu gefen masu ƙafa, gudu yake ƙara wa mota, haɗari kuma ya ƙaru wa yara.

Legas ta fuskanci irin wannan rarrabuwa, sai ta kafa hukumar sufuri guda, LAMATA, a 2002, wadda ta fara layin manyan bas daga Mile 12 zuwa CMS a 2008. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne ba a kori ƙungiyar direbobi ba, an sa ta cikin masu gudanar da motocin. Gombe ba Legas ba ce, ba ma buƙatar abu mai tsadar nan. Amma darasin ya shafe mu. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin masu keke su ne suka fi kowa sanin garin nan. Ɗan kamasho zai gaya maka ranar da lodi ke yawa, da sa'ar da fasinja ke yankewa, da hanyar da direbobi ke gudu saboda ramuka. Duk tsarin da aka zana a ofis ba da su ba, a takarda zai tsaya. Amma shigo da su na tafiya da sharaɗi. Kowace safiya mai keke na sayen tikiti, wani lokaci fiye da ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ke karɓar kuɗin tasha, hukuma ce ko ƙungiya, shi za a tambaya ina rumfa, ina bayan gida, ina fitila.

A ganina abin da birnin ke buƙata shi ne zama guda na dindindin da doka ta kafa, inda ciyamomin Gombe, Akko, Kwami da Yamaltu/Deba za su zauna da hukumomin jiha, da wakilan direbobi, 'yan kasuwa, mata da masu buƙata ta musamman, a kan abubuwan da ba su san iyaka ba: hanyoyin bas, magudanan ruwa, wuraren zubar da shara. Jiha ta kawo injiniyoyi da manyan kuɗi, ƙananan hukumomi su riƙe abin da ke kusa da jama'a, a kuma rubuta a fili wane titi na wane ne, a liƙa a kowace sakatariya. Kaduna ta gwada kafa hukumomin birni a 2021 don Kaduna, Zariya da Kafanchan, kuma an yi ƙorafin cewa sun shiga gonar zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi. Wannan kuskure ne da za a iya kauce masa in aka bar zaɓaɓɓu a kan teburin da ƙuri'arsu.

Kafin a kai can, akwai abin da mazaɓa ɗaya za ta iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, don haka lokacin zama da kansila kenan, ba bayan ruwa ya shiga ɗaki ba. Mai unguwa, limami, shugabar mata, wakilin matasa da na masu keke su gayyace shi zaure, a rubuta abubuwa uku kacal da unguwa ta fi buƙata, a ba shi kwafi, a riƙe kwafi. A nemi ya kawo shafin kasafin da ya shafi mazaɓar a karanta a bainar jama'a. A watan Afrilu, kafin ruwan farko, a zagaya da shi a ƙirga kwalbatocin da suka toshe, a ɗauki hotonsu da waya, a rubuta ofishin da kowanne ke ƙarƙashinsa. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, a sake zagayawa da takardar nan a hannu.